Hausari: Inda Ake Ƙirga Shekarun Aure Da Kalangu

A Ikko, ranar da aure ya zagayo, ma'aurata kan fita kallon makaɗan gita. A unguwar Hausari ta Maiduguri kuwa, tambayi dattijuwa shekarun aurenta, sai ta faɗi waƙar Shata da ke tashe sa'ad da aka kai ta ɗaki, da makaɗin da ya kwana yana dukan kalangu a ƙofar gidansu.

Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos mai kuntigi a 2015. Daga 2009 rikicin Boko Haram da dokar hana fita suka tsai da wasan dare shekara da shekaru. Da ƙura ta lafa, samari suka koma hayar lasifika, don ta fi makaɗi araha. Yau a waya maigida ke kunna wa uwargida waƙar bikinsu.