Kama Da Wane Ba Wane Ba Ne: Cutar Huhun Dukushi Da Ke Kwance A Ƙurar Barga

'Yan uwa fatake, duk wanda ya ga hawan Damba a Sagnarigu da Tamale ya san darajar doki a ƙasar Dagomba. Da yawanmu da ke sauko da shanu ta Paga mukan haɗa da goɗiya ko dukushi saboda masu sarauta. To, akwai wata cuta da ya kamata mu sani, domin ta shafi dokin, ta shafi saniyar.

Ƙwayar cutar sunanta Rhodococcus equi. A ƙasa take zaune, tana hayayyafa cikin kashin doki. Wani likitan dabbobi mai suna Magnusson ne ya fara gano ta a Suwidin a 1923. Dukushi ɗan wata 1 zuwa 6 take kamawa, in ya shaƙi ƙurar barga, sai ta tara mugunya a huhunsa. Muguntarta a ɓoye take cinsa. Kafin a ga zazzaɓi da tari da haki, ta yi nisa. Babban doki kuwa da wuya ta kayar da shi. Ku tuna yadda turke ke bushewa da hunturu, ƙura ta tashi har cikin hanci.

Masu bincike sun gano ba iri ɗaya ba ce. Sunan ɗaya, amma kowace da guntun gadon da take ɗauke da shi, wanda ke ba ta ikon cutarwa. Akwai mai gadon dawaki, akwai mai na aladu, sannan a 2015 aka bayyana ta uku, ta shanu, wadda ake samu har a awaki. Wadda ba ta da wannan gado, tana nan cike da ƙasa, amma ba ta cika kwantar da dabba ba.

Ina ruwan bafatake? Ta shanun takan kumbura kaluluwa, a kwata a gan ta kamar tarin fuka. Ido kaɗai ba ya rabewa, sai awo. In aka riƙe maka nama, kada ka tsaya jayayya da malamin dabbobi. Nemi a kai samfur ɗakin awo, irin na Pong-Tamale. Kuma ukun nan duka suna iya kama mutumin da garkuwar jikinsa ta yi rauni, misali mai ƙanjamau. Irin wannan kada a sa shi sharar barga.

Sai batun magani. Tun shekarun 1980 ake haɗa erythromycin da rifampin, ana sha makonni. Amma a Amurka, inda aka riƙa ɗura wa dukusai barkatai, an sami irin da ba ya jin maganin. Ban da haka, erythromycin kan hana dukushi gumi, zafin rana irin na Tamale ya galabaitar da shi, ita kuma uwar in ta lasa tana iya kamuwa da mummunan zawo. Saboda haka ba maganin da za a saya a bakin kara ba ne.

Abin yi ba ya cin kuɗi. A kwashe kashin doki kullum, a yayyafa ruwa a turke, a raba cunkoso. A tabbatar dukushi ya sha dakashin uwarsa ranar da aka haife shi. In za ka saya, tsaya ka kalli numfashinsa kafin a yi sallama. In ka ga haki, kira likita tun ranar.

Allah Ya kiyaye mana dukiya.