Taron Addu'a: Daga Gindin Tsamiyar Garkida zuwa Sansanin Minawao

 Yau za mu leƙa majami'un arewacin Najeriya a wani lokaci da ba a cika zancensa ba. Kowa ya san sujadar Lahadi, ranar da ake cin ado, mawaƙa su jeru, benci ya cika maƙil. Amma akwai wani zama na tsakiyar mako, galibi Laraba da yamma, wanda ake kira taron addu'a. Ba shi da armashin Lahadi, kuma mahalartansa ba su cika kai rabin na Lahadi ba. Duk da haka dattawan ikilisiya da yawa da shi suke auna lafiyar jama'arsu.

Tsarinsa ba wuya. Mutane sun taso daga gona, daga kasuwa, daga ofis, wasu ko gida ba su biya ba. A yi waƙa ɗaya ko biyu, a karanta nassi, sai fasto ko mai bishara ko wani dattijo ya tambaya ko akwai mai abin addu'a. Nan ne bakuna ke buɗewa. Wannan mijinta na kwance a asibiti. Wancan ɗansa zai zauna jarrabawa, kuɗin rajista bai haɗu ba. Wata ta sauka lafiya, godiya aka kawo. Damina ta makara, shuka na neman ƙonewa. Hanyar kasuwa ba ta biyuwa saboda masu satar mutane. Mai jagora sai ya rarraba: Baba, kai za ka ɗauki marasa lafiya, Mama, ke kuma maganar ruwan sama, wani matashi a ba shi shugabannin ƙasa. Sai a ce, bari mu yi addu'a. Kowa ya sunkuyar da kai, mutum ɗaya yana roƙo, saura suna amsawa da amin.

Abin lura a nan shi ne, tun kafin a rufe ido kowa ya riga ya ji. Damuwar da mutum ya kwana da ita shi kaɗai ta fito fili, ta zama ta jama'a. Wanda ya ce amin a kan ciwon maƙwabcinsa da wuya ya wuce ƙofar asibitin gobe bai leƙa ba. Shi ya sa washegari za a ga mata ɗauke da kunu da tuwo sun nufi ɗakin majinyata, a kuma ji wani ya kira mahaifin yaron nan gefe ya cika masa kuɗin jarrabawa. Kamar aikin gayya ne: gonar ta mutum ɗaya ce, amma fartanyoyin na unguwa ne.

Wannan al'ada tsohuwa ce, da ita ikilisiya ta fara. Littafin Ayyukan Manzanni ya nuna cewa bayan tafiyar Yesu Almasihu, mabiyansa kimanin 120, maza da mata, har da Maryamu mahaifiyarsa, sun lazimci addu'a tare a Urushalima tun kafin su fita wa'azi. A sura ta 12 kuma akwai labarin da Kiristan da ya girma a makarantar Lahadi ba ya mantawa. Sarki Hirudus ya kashe Yakubu, ya jefa Bitrus a kurkuku, an ɗaure shi da sarƙa tsakanin sojoji. Masu bi suka taru a gidan Maryamu, uwar Yahaya Markus, suka duƙufa da roƙo cikin dare. Da Bitrus ya kuɓuta ya zo yana ƙwanƙwasa ƙofa, wata baranya mai suna Roda ta gane muryarsa, murna ta sa ta ruga ciki ba ta buɗe ba, mutanen ɗakin kuwa suka ce mata ta zautu. Masu wa'azi kan tsaya a wannan gaɓa, kuma da dalili. Mutanen da ke ɗakin nan bangaskiyarsu ba cikakkiya ba ce, har amsar roƙonsu ta zo ƙofa suka yi musu. Abin da suka yi daidai shi ne sun taru, ba su watse kowa ya ɓuya a gidansa ba. Bitrus kuma da ya fito ya san inda zai same su.

A arewacin Najeriya, ɗaya daga cikin ikilisiyoyin da tarihinsu ya fi nuna wannan ita ce Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, wadda aka fi sani da EYN. Ranar 17 ga Maris 1923, Amurkawa biyu, Stover Kulp da Albert Helser, suka yi sujadar farko da mutanen Garkida a gindin wata tsamiya, a ƙasar Bura, cikin jihar Adamawa ta yau. Babu gini, babu ƙararrawa. Daga nan aikin ya bazu cikin Margi, da Kilba, da Kamwe, da Kibaku na Cibok, ƙabilu masu harsuna daban-daban. Abin da ya ba su damar durƙusawa wuri ɗaya shi ne Hausa. Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, kuma tun daga lokacin, daga Filato zuwa kudancin Kaduna, daga Gombe zuwa Adamawa, Hausa ta zama harshen da Birom da Tangale da Bajju da Bura ke haɗuwa a cikinsa idan za su yi roƙo tare. Har yau ba abin mamaki ba ne a ji tsohuwa ta fara addu'a da Hausa, da abin ya taɓa zuciyarta ta koma harshen iyayenta, jama'a kuma su amsa da amin ko da ba su ji kalma ɗaya ba.

Idan ana zancen addu'ar taro a wannan yanki, dole a ba mata haƙƙinsu. Zumuntar Mata ita ce ƙashin bayan abin a kusan kowace ɗariƙa, ko ECWA, ko COCIN, ko EYN, ko Katolika. Tarihin da matan ke bayarwa ya ce a Miyango, kusa da Jos, aka faro ta wajen 1930, bayan wata mata ta kusa rasa ranta wajen haihuwa, sai mata suka yi karo-karo don a sayi keken da za a riƙa kai masu naƙuda wurin magani. Ke nan tun ranar farko addu'a da taimako tare suka taso. Yau kuwa an san su da ankonsu, da tulun da suke bugawa, da kacau-kacau, da waƙoƙin da suke tsarawa da kansu. Su ne na farko a gidan makoki, su ne na ƙarshe da ke tashi. Gwauruwa da yawa a ƙauyukan Filato da Borno ta san cewa a makon da ta rasa mijinta, waɗannan mata ne suka kwana da ita suna waƙa da addu'a, su ne kuma suka ɗora tukunya.

A farkon shekarun 1960 aka kuma ga wani yunƙuri mai suna Sabon Rai Don Kowa, wanda ya haɗa ɗariƙu da dama. Kafin 'yan Sabon Rai su fita wa'azi ƙauye-ƙauye da gangunansu, abin da aka fara kafawa shi ne ƙananan rukunonin addu'a a gidaje, mutum kaɗan-kaɗan, suna haɗuwa kullum. Manomi da bai taɓa buɗe baki a gaban jama'a ba a nan ya koyi yin addu'a da ƙarfi. Shugabannin ikilisiya da yawa na arewa daga irin waɗannan zauruka suka fito.

Sai shekarar 2014 ta zo, ta gwada duk wannan.

Daren 14 ga Afrilu, mayaƙan Boko Haram suka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar sakandaren gwamnati ta Cibok. Akasarinsu 'ya'yan EYN ne. Ranar 29 ga Oktoba na wannan shekara kuma mayaƙan suka mamaye Kwarhi, kusa da Mubi, inda hedikwatar ikilisiyar da makarantar horar da fastocinta suke. Shugabanni suka tsere, aka koma Jos da zama na wucin gadi. An kashe dubban mambobi, an ƙone ko an bar ɗaruruwan majami'u, jama'a suka fantsama Yola, Jos, Abuja, wasu suka hau duwatsun Mandara suka tsallaka Kamaru.

Ginin ya tafi, benci ya ƙone, littattafan rajista sun zama toka. Amma a duk inda mutanen suka yada zango, cikin abubuwan farko da suka yi akwai taruwa don addu'a. A sansanin Minawao da ke arewa mai nisa ta Kamaru, 'yan gudun hijira sun kafa ikilisiyoyinsu, suka naɗa masu jagora, mata suka sake tayar da zumuntarsu. Kuma wannan taro ya yi aikin da babu ofishin da zai iya yi a lokacin. A wurin ake ambaton sunayen waɗanda suka ɓace, wani ya ɗaga hannu ya ce ya ga wance a hanyar Yola. A wurin ake sanin wa ya rasu, wa ya bar marayu, wa zai ɗauke su. Mutumin da ya ga an yanka ɗan'uwansa a gabansa, wanda barci ya ƙaurace masa, a nan yake samun inda zai yi kuka ba tare da an ce ya gaza ba, domin na kusa da shi ma kukan yake yi.

Addu'ar ta kuma ƙetare teku. Ikilisiyar 'Yan'uwa ta Amurka, wadda ta turo Kulp da Helser, ta rarraba sunayen 'yan matan Cibok ga majami'unta, kowace majami'a da sunan yarinya ɗaya da za ta riƙa ambata gaban Allah. A watan Agustan 2014 suka keɓe mako guda na azumi da addu'a saboda Najeriya. Mutanen da suka yi watanni suna ambaton sunan yarinyar da ba su taɓa gani ba ba su tsaya a nan ba: sun tara miliyoyin daloli don abinci, da iri, da gidaje, da gyaran zukatan waɗanda suka firgita. A Oktoban 2016 aka sako 21 daga cikin 'yan matan, kuma a wurin sujadar godiya a Abuja suka haɗu da iyayensu. A Mayun 2017 aka sako wasu 82. Akwai waɗanda har yanzu ba su dawo ba, kuma ba a daina kiran sunayensu a majami'un Cibok ba.

Akwai wani abu mai nauyi da ya kamata a faɗa. EYN ikilisiya ce da ta gaji koyarwar ƙin ɗaukar makami da ƙin ramuwa. Faɗar wannan a lokacin zaman lafiya abu ne mai sauƙi. Riƙe shi bayan an ƙone gidanka, an kashe 'ya'yanka, wani abu ne dabam. Mutum shi kaɗai a ɗakinsa da wuya bakinsa ya iya roƙa wa wanda ya cuce shi shiriya. Amma idan dattijuwar da ita ma ta binne nata ta miƙe a tsakiyar jama'a ta roƙa wa maharan tuba, saurayin da zuciyarsa ke tafasa yana ji, kuma dole ya zaɓa ko zai ce amin. Ba kowa ne ya iya ba, ba kuma a rana ɗaya ba. Sai dai a irin wannan zama ne aka hana fushi zama wuta ta biyu. Daga cikin mutanen wannan ikilisiya ne aka samu waɗanda suka kafa matsugunin Gurku a jihar Nasarawa, inda Kiristoci da Musulmin da rikici ɗaya ya koro suke zaune gida kusa da gida. Musulmin da ya san darajar sallar jam'i ba zai rasa gane abin da ake nufi ba: sahu yana gyara mutum ta hanyar da kaɗaici ba ya yi.

Ba a ce duk taron addu'a lafiya lau yake ba. Yesu da kansa ya yi gargaɗi a kan masu addu'a don a gan su, ya kuma umarci mabiyansa su riƙa shiga ɗaki su rufe ƙofa. Akwai wuraren da taron ya koma gasar iya magana, mai dogon numfashi ya cinye lokacin kowa. Akwai inda abin da aka kawo don addu'a ya fita waje ya zama gulma, har masu damuwa suka koyi yin shiru. Akwai kuma masu kafa lasifika su kwana suna ihu a unguwar da jarirai da marasa lafiya ke neman barci, alhali maƙwabcin nan yana cikin waɗanda aka ce a ƙaunata. Fastocin da suka san aikinsu suna yaƙi da waɗannan: su taƙaita addu'o'i don kowa ya samu, su ba yara da baƙi dama, su kuma ja kunne cewa sirrin da aka ji a gaban Allah amana ne.

Matsalar da ta fi damun dattawa a birane yanzu ita ce raguwar masu zuwa. Aiki ya yi yawa, kuɗin mota ya hau, a wasu garuruwan fita da yamma ma haɗari ne. Majami'u da dama sun mayar da taron zuwa asuba kafin a tafi aiki, wasu sun raba jama'a unguwa-unguwa ana haɗuwa a gidaje, matasa kuma suna turo abubuwan addu'a ta WhatsApp. Dabara ce mai kyau, musamman ga wanda ke nesa ko kwance. Sai dai waya ba ta nuna wanda ya rame, ba ta nuna wadda ta zo da idanu a kumbure amma ta ce lafiya lau, kuma irin waɗannan su ne dattawa da matan zumunta ke ganowa idan an zauna wuri ɗaya.

Ita kuwa EYN da ta watse a 2014, ta koma Kwarhi a 2016, ta kuma yi bikin cika shekara 100 a Maris 2023. Matan Najeriya kuwa an ba su wani aiki na duniya baki ɗaya. Akwai Ranar Addu'a ta Duniya da mata Kiristoci ke gudanarwa kowace Juma'ar farko ta watan Maris a ƙasashe sama da 100, inda kowace shekara matan ƙasa ɗaya ke tsara addu'o'in da sauran za su bi. Tsarin shekarar 2026 matan Najeriya ne suka rubuta shi, a kan kiran da Yesu ya yi wa masu fama da kaya masu nauyi su zo su huta, wanda ke cikin sura ta 11 ta Bisharar Matiyu.