Uwargida, Ga Yadda Za Ki Zaɓi Talabijin Mai Faɗin Fuska, Ki Daidaita Hotonsa

Kwanakin baya na je ganin ɗakin wata ɗalibata da aka kai gidan miji, na tarar an kafa mata talabijin mai inci 65 a falon da tsakanin kujera da bango bai wuce mita 2 ba. Iyayenta sun kashe maƙudan kuɗi, amma fuskokin mutane sun yi jawur kamar an shafa musu manja, hasken kuwa har yana sa ido ruwa. Amarya ta ce in ta daɗe a gabansa kanta ciwo yake. Laifin ba na talabijin ɗin ba ne, rashin sani ne wajen zaɓe da wajen gyara.

Da farko, incin da ake faɗa ana auna shi ne a karkace, daga kusurwar sama zuwa kusurwar ƙasa ta ɗaya gefen. Kafin maigida ya tafi kasuwa, ki auna nisan kujera da bango. Abin da ya fi dacewa shi ne nisan ya kai kamar ninki biyu na girman fuskar: mai inci 32 yana son mita ɗaya da rabi, mai inci 43 mita 2, mai inci 55 kusan mita 3.

Na biyu, kada mai shago ya ruɗe ku da 4K. Gaskiya ne ɗigon hotonsa ya ninka na Full HD sau huɗu, amma in dikodarku hoto na yau da kullum take kawowa, ba za ku ga amfanin ƙarin kuɗin ba. A sa ya kunna shi a gabanku, a duba ko akwai ɗigon da ya mutu a fuskar, a karɓi takardar garanti, a haɗa da sitabilaiza saboda halin wutarmu.

In ya iso gida, ki sani yawanci an saita shi ne don ya ja idon mai saye a shago. Ki ɗauki rimot, ki shiga sashen hoto, ki cire shi daga inda aka rubuta Vivid ko Dynamic, ki mayar Standard ko Movie. Sannan ki kamo tashar da ke nuno Masallacin Harami na Makka, domin a nan ne baƙi da fari suka haɗu. Ki juya Brightness har rigar Ka'aba ta yi baƙi sosai, ba toka-toka ba, amma ana ganin saƙarta in an matso da hoto. Ki rage Contrast har ki ga naɗe-naɗen haramin masu ɗawafi. Launi kuwa da fatar mai karanta labarai za ki gwada, ta fito yadda Allah ya halicce ta. Da dare ki rage Backlight, wato fitilar bayan fuska: ido ya huta, wuta ma ta ragu, musamman ga masu sola. A bar ƙaramar fitila a ɗakin, kada a yi kallo cikin duhu.

In kin ga mutane sun yi gajeru masu ƙiba a tsofaffin finafinai ko tafsirin da aka ɗauka da daɗewa, an ɗauke su ne da tsarin 4:3, naki kuma 16:9 ne. Ki zaɓi 4:3, ki haƙura da baƙin da zai fito a gefe biyu.

A kafa shi a bango daidai idon mai zaune, ko a ɗaure shi, don yaro na iya jawo shi ya faɗo masa. Ƙurar hunturu kuma a share ta da busasshen ƙyalle mai laushi, kada a fesa ruwa.

Daga ƙarshe uwargida, duk kyan hoto, yara amana ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa yaron da bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban allo, mai shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. In an kira salla a kashe. Allah ya shirya mana zuri'a, amin.