Kakin Soja Ko Rigar Bakanike?

Bayan an gama shigar da gero da gyaɗa, mun zauna taron ƙungiya a wani ƙauye kusa da Roni. Da aka ƙare lissafin taki da na bashi, sai wani dattijo ya miƙe. Ya ce ɗansa ya gama sakandare, kuma tun yana ƙarami ba abin da yake so kamar kwance inji da ɗaurawa. Yanzu abokansa sun ce masa ya shiga soja, wai can zai koyi gyaran mota kyauta, ga albashi. Uwar yaron kuwa ta kasa barci. Dattijon ya ce, "Ku ba ni shawara, 'yan'uwa, gama shi ne babba a gidana."

Wannan tambaya ba ta gidansa kaɗai ba ce. Ana yin ta a Gwiwa, ana yin ta a Babura da Kazaure. Shi ya sa muka kawo ta nan.

Aikin soja aiki ne mai daraja. Karniliyus ma soja ne, mai tsoron Allah. Sabon kurtu yakan yi wajen wata shida yana shan horo a Zariya, inda ake horar da kurata tun 1924. In ya fito, akwai albashi kowane wata, da magani, da fansho. Gaskiya ne kuma rundunar tana da sashen masu gyaran injuna, da makarantarsu a Auchi ta Jihar Edo. Amma ga abin da abokan yaron ba su gaya masa ba: wanda ya shiga ba takardar sana'a, ba shi ke zaɓen sashen da za a sa shi ba. Tun 2009 ana tura sojoji Borno da Yobe, daga baya kuma dazuzzukan Zamfara da Katsina. Yaro zai iya shekara da shekaru da bindiga a hannu, bai taɓa sifana ba. Ba kuma aikin da mutum zai ajiye ranar da ya ga dama ba ne.

Aikin bakanike shi ma ya sāke. A zamanin Fijo 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, gwani yakan saita kafireta da kunne kawai. Motocin yanzu kwamfuta ce ke auna musu mai da iska, ita ce kuma ke tsai da lokacin da filogi zai ba da wuta. Sai an jona na'ura a karanta abin da ya lalace. In saitin ya kauce, mota ta yi ta baƙin hayaƙi tana shan mai. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, kowane direba yana neman wanda zai rage masa shan mai, waɗansu ma suna mai da motocinsu masu amfani da gas. Saboda haka bakanike na yau yana bukatar karatu da gareji duka biyu.

Hanyoyin koyo suna nan. Akwai kwalejojin fasaha masu shirya yara don jarrabawar NABTEB. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu a nan Kazaure. Akwai zama hannun maigida a gareji, a Kazaure ko Kano, sa'an nan yaro ya zauna gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago, daga mataki na uku har zuwa na ɗaya. Ba mu ɓoye wahalarta ba: shekaru ne ba albashi, ga kuɗin abinci, ga kayan aiki masu tsada.

To, ga abin da ya raba mana gardama. A sanarwar ɗaukar kurata, marar sana'a ana karɓarsa daga shekara 18 zuwa 22, amma mai takardar sana'a har 26. Ashe wanda ya fara koyon sana'a bai rufe wa kansa ƙofar soja ba. In har yanzu zuciyarsa tana can, sai ya nema a matsayin mai sana'a. In kuwa ba a ɗauke shi ba, abincinsa yana hannunsa.

Mu ma muna da rabo a ciki. Sau nawa injin ban ruwa ya tsaya mana a tsakiyar rani, tumatir yana yaushi, muna neman motar da za ta kai shi birni? Haka injin niƙa, haka babur. Don haka ƙungiyarmu ta yarda ta ranta wa yaron kuɗin kayan aiki daga asusunta, ya biya kaɗan kaɗan, ya kuma riƙa zuwa duba injunanmu kafin aikin rani. Muna roƙon sauran ƙungiyoyi su duba ko za su iya yin haka.

Gargaɗi ɗaya kuma: neman shiga soja kyauta ne. Duk wanda ya ce ku sayar da sa ko gona ku ba shi ya samo wa ɗanku gurbi, mazambaci ne.

Ku zauna da 'ya'yanku, ku ji abin da ke ransu, ku yi addu'a tare. Ubangiji ya kiyaye waɗanda ke bakin daga, ya kuma sa albarka a aikin hannuwanmu.