Leƙen Cikin Teku: Yini Guda a Kan Murjanin Bahar Maliya

Yaron da ya tashi a ƙasar Daura ya san ruwa iri uku. Ya san na rijiya, wanda Kusugu ce uwarsu a tarihi. Ya san na kududdufi, wanda damina ke kawowa rani ya ɗauke. Ya kuma san na madatsa irin ta Sabke. Dukansu daga sama ake kallonsu. Ruwan kududdufi ja ne wur da laka, in ka yi nutso ka buɗe ido ko tafin hannunka ba za ka gani ba. Shi ya sa abin da ke ƙasan ruwa ya zama labari a wurinmu, daga macijin da Bayajida ya kashe har zuwa dodannin ruwa da iyaye ke tsorata yara da su don kada su je iyo.

Amma akwai ruwan da ba haka yake ba. A wasu tekunan ƙasashe masu zafi, mutum kan kwanta rub da ciki a saman ruwa ya hango ƙasa garau daga nisan mita 20 ko fiye, kamar mai leƙen tsakar gida daga kan soro. Saboda wannan kallo kaɗai mutane ke biyan kuɗin jirgin ruwa da jagora, a kai su tsibiri da safe a dawo da su da yamma. Wannan rubutu zai bayyana abin da suke zuwa gani, da kayan da suke gani da su, da yadda yinin yake tafiya.

Tekun da kakanninmu suka tsallaka

Daga Daura zuwa bakin teku a Legas tafiyar fiye da kilomita 1,000 ce ta mota, kuma ko an je can ba za a sami irin wannan kallo ba. Kogin Kwara da sauran koguna suna zuba laka da ruwan daɗi cikin tekun Gini, murjani kuwa ba ya son ko ɗaya. Tekun murjanin da ya fi kusa da tarihin Bahaushe shi ne Bahar Maliya.

Kafin zuwan jirgin sama, alhazan ƙasar Hausa a ƙasa suke tafiya. Su bi ta Borno, su ratsa Wadai da Darfur, su tsallake Nilu, har su isa tashar Sawakin, inda za su shiga jirgin katako mai tafiya da iska zuwa Jidda. Wasu kan shekara da shekaru a hanya suna noma da ƙodago don haɗa guzuri, wasu kuma suka zauna ɗungurungum. Bayan yaƙin Burmi a 1903, jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka ƙara yawan masu ƙaura zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Har gobe ana jin Hausa a kasuwannin Gadarif da Kasala da Fot Sudan.

Waɗancan alhazai sun ga murjani, ko da ba su kira shi da sunan ba. Gidajen Sawakin da dutsen murjani aka gina su. Shi ne kuma abin da matuƙan jiragensu suka fi tsoro, don yana kwance daf da saman ruwa, yana iya farke cikin jirgi. Ƙuncin mashigar Sawakin, wadda murjani ya kewaye, na cikin dalilan da suka sa Turawan Ingila suka fara gina sabuwar tasha a Fot Sudan a 1905.

Tsawon Bahar Maliya ya haura kilomita 2,000, kuma babu wani kogi mai gudu duk shekara da ke zuba a cikinta. Hamada ce hagu da dama. Rashin laka ne ya sa ruwanta ya yi garau, zafin rana kuma ya sa gishirinta ya yi yawa: kimanin giram 40 a lita guda, alhali na yawancin tekuna 35 ne.

Murjani dabba ne

Matan Hausa sun daɗe da sanin murjani a matsayin jan dutsen ado, wanda fatake suka riƙa kawowa ta hamada daga bakin Bahar Rum. Alƙur'ani ma ya ambace shi tare da lu'ulu'u a Suratur Rahman. Murjanin wuya da murjanin da ke gina tudu a teku dangi ne, ko da yake ba iri ɗaya ba ne.

Wanda ya gan shi zai rantse dutse ne ko itace. Alhali tarin wasu ƙananan dabbobi ne masu laushi, da yawansu ba su wuce ƙwayar gero ba. Kowace tana da baki da 'yan hannuwa kewaye da shi, tana kuma tsamo sinadari daga ruwa ta gina wa kanta ɗaki mai tauri irin na farar ƙasa. In ta mutu ɗakin ya saura, 'ya'ya su ɗora nasu a kai. Kamar dai shurin gara ne, sai dai wannan akan yi dubban shekaru ana gininsa. Mai rassa kan ƙaru da kimanin santimita 10 a shekara, dunƙulallen kuwa da ƙyar yake ƙara santimita guda.

A cikin naman kowace dabba akwai wata gansakuka da ido ba ya gani. Ita ke amfani da hasken rana ta haɗa abinci ta ciyar da mai masaukinta, ita kuma ke ba shi launi. Wannan zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka shi ne sirrin komai. Saboda gansakukar na bukatar haske, dole murjani ya zauna a ruwa mai ɗumi, mai tsabta, marar zurfi. Da a can ƙasa cikin duhu yake, da sai ƙwararrun masu nutso kaɗai za su gan shi. Da yake a sama yake, ko ɗan koyo yana iya kallonsa.

Tudun murjani bai kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nau'o'in halittun teku a jikinsa suke rayuwa. Har da wuri, wanda kakanninmu suka yi ciniki da shi a kasuwanni: a irin wannan ruwa yake rayuwa, kuma mafi yawansa daga tsibiran Maldibs na tekun Indiya aka kwaso shi.

Kaya uku

Na farko shi ne gilashin fuska, wanda ke rufe idanu da hanci, da roba mai manne wa fata. An halicci idon ɗan Adam ne don gani a cikin iska, shi ya sa komai ke zama dishi-dishi in ruwa ya taɓa shi. Gilashin yana tsare 'yar iska a gaban ido, sai gani ya dawo. Amma haske kan karkace yayin da ya fito daga ruwa ya shiga iska, don haka kifi kan bayyana ya fi girmansa da kusan kashi ɗaya cikin uku, ya kuma fi kusa.

Na biyu shi ne bututun numfashi mai lanƙwasa. Ana cizon bakinsa da haƙora, ɗaya ƙarshen yana tsaye a saman ruwa, sai mutum ya yi ta numfashi da baki fuskarsa na cikin ruwa. Tsawonsa ba ya wuce santimita 40, kuma da dalili. In ya yi tsawo, iskar da aka fitar ba za ta gama fita ba, sai a riƙa sake shaƙarta. Sannan ruwa yana da nauyi: a zurfin mita guda kawai ya danne ƙirji yadda huhu ba zai iya jawo iska daga sama ba.

Na uku takalman roba ne masu faɗi kamar ƙafar agwagwa, waɗanda ke tura mutum gaba ba tare da ya wahalar da hannuwa ba. Wanda bai iya iyo sosai ba akan ƙara masa rigar ceto. Gishirin ruwan ma yana taimakawa, don ruwan gishiri ya fi na rijiya ɗaga jiki. Mata da maza masu son sutura suna samun rigar ruwa mai rufe jiki duka, wadda ke kare fata daga ƙunar rana.

Daga gaɓa zuwa Sanganeb

Mu ɗauki misali da Sanganeb, wani zoben murjani da ya taso daga zurfin teku kimanin kilomita 25 daga gaɓar Sudan, arewa maso gabas da Fot Sudan. Gwamnatin Sudan ta keɓe shi a 1990, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 2016, tare da gaɓar Dungunab da tsibirin Mukawwar.

Sammako ake yi, don da safe iska ba ta tashi ba. Kafin jirgi ya motsa jagora zai ƙirga mutanensa, ya gwada wa kowa gilashi, ya tambayi wanda bai iya ruwa ba da mai ciwon zuciya ko asma. Matsayinsa na madugu ne a ayari: shi ya san hanya, shi ya san inda ruwa ke ja, maganarsa ce ta ƙarshe. Wanda bai saba ba yakan ji jiri da tashin zuciya a hanya. Maganinsa cin abu kaɗan da kafa ido a nesa, inda sama ta haɗu da ruwa.

Abin da za a fara hangowa shi ne doguwar hasumiyar fitila, tsaye a tsakiyar teku tana gargaɗin jiragen ruwa. Daga nan sai launin ruwa ya sauya daga shuɗi mai duhu kamar na marina zuwa tsanwa-tsanwa mai haske, alamar an iso kan murjani. Matuƙin kirki ba ya jefa anga a kansa, sai ya ɗaure jirgi a wurin da aka tanada ko ya nemi yashi.

Akan fara da wuri marar zurfi. Numfashin farko ta bututu yana da firgitarwa, don jiki bai yarda a shaƙi iska fuska na cikin ruwa ba. Bayan 'yan mintoci hankali ya kwanta, sai ido ya buɗe. Gani ya kori ji. Ga murjani kamar ƙahon barewa, ga wani kamar faifai, ga wani kamar ƙwaƙwalwa. Ƙananan jajayen kifaye suna tashi a kansa tamkar tsuntsaye a gonar gero. Ga wani kifi kore mai baki irin na aku yana gurgurar dutsen, har ana jin ƙarar haƙoransa. Abin da ya gurgura yashi yake fita daga cikinsa, kuma wani ɓangare na farin yashin tsibiran nan daga nan ya samo asali. In an yi sa'a a ga kunkurun teku ya taso shan iska. Nau'o'in kifin Bahar Maliya sun haura 1,000, kuma da yawansu ba a samunsu ko'ina sai nan. Can arewa a Dungunab kuwa akwai ɗan'uwan ayu, dabbar da masuntan Kwara da Binuwai suka sani, yana kiwo a ciyawar ƙasan teku.

A gefen zoben ƙasa kan yanke tsaye kamar bakin rijiya, ta faɗa cikin shuɗin da ba a ganin ƙarshensa. Ruwa yana shanye jan launi tun a 'yan mitocin farko, shuɗi ne ke jurewa, shi ya sa zurfi ke da wannan kama.

Da azahar akan huta a ci abinci, galibi kifi da shinkafa ko burodi. Alwala ba ta zama matsala, don ruwan teku mai tsarki ne mai tsarkakewa, kamar yadda ya zo a hadisin da ke cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik. Bayan shiga ta biyu sai jagora ya sake ƙirga kawuna, a juya kafin la'asar sakaliya.

Ba da nisa ba akwai Sha'ab Rumi, inda Bafaranshe Jak Kusto ya kafa ɗakuna a ƙasan ruwa a 1963, mutanensa suka yi wata guda a zurfin mita 10. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ya durƙusar da yawon buɗe ido a wannan gaɓa. Amma irin wannan fita tana nan kullum daga Hurgada ta Masar zuwa tsibirin Giftun, da Ras Muhammad a Sina'i, da kewayen Mnemba a Zanzibar.

Ladubban ruwa

Dokar farko ita ce kada a shiga ruwa shi kaɗai. Biyu-biyu ake tafiya, kowa na lura da ɗan'uwansa. In ruwa ya ja ka, kada ka yi kokawa da shi: ka kwanta, ka ɗaga hannu, jirgi zai zo. A sha ruwa sosai, a rufe baya da ƙeya, don sanyin teku yana ɓoye zafin rana sai dare a ji fata na raɗaɗi.

Doka ta biyu ita ce a kalla da ido kawai. Akwai bushiyar teku mai dogayen ƙayoyi, da kifi mai dafi da ke kwanciya kamar dutse, da wani murjani mai ƙuna kamar wuta. Ba sa farautar mutum, wanda ya kai hannu ko ƙafa suke yi wa illa. Ɓarnar da mutum ke yi musu ta fi yawa. Taku ɗaya na iya karya reshen da ya yi shekara goma yana girma.

Babbar barazana kuwa daga nesa take zuwa. In zafin ruwa ya haura yadda aka saba da ko maki 1 na tsawon makonni, murjani kan kori gansakukarsa ya koma fari fat kamar ƙashi, in abin ya daɗe ya mutu da yunwa. Haka ya faru a tekuna da yawa a 1998, ya kuma sake aukuwa a 2016 da 2017 a babban tudun murjanin Ostareliya mai tsawon kilomita 2,300. Ɗumamar da ke rikita wa manomin Mai'aduwa da Baure lissafin damina ita ce dai ke ƙona murjani.

Alhajin Daura na yau yana ratsa Bahar Maliya cikin 'yan mintoci. In ya leƙa ta taga daf da sauka Jidda, zai ga wasu zane-zane masu haske a cikin shuɗin ruwa, kusa da gaɓa. Su ne duwatsun da matuƙan kakanninsa suka riƙa kauce wa da addu'a a baki. Yanzu ya san masu rai ne, suna ci, suna gini, tun kafin a haƙa Kusugu.