Sanatan jiha: dokoki biyu da Obama ya bari a Ilinoyi

Jama'a masu saurare, da kun ji an ce sanata, Abuja hankalinku ke tafiya, ko? To, a Amurka akwai sanatan jiha. In ka cire Nebraska, kowace jiha a can majalisa biyu gare ta, ta wakilai da ta dattawa, ba kamar jihohin Najeriya masu guda ɗaya ba.

Daga irin wannan kujera Barack Obama ya faro. An zaɓe shi a 1996 daga kudancin birnin Shikago, ya zauna a majalisar dattawan jihar Ilinoyi mai kujeru 59 daga 1997 zuwa 2004. A 2000 ya nemi majalisar wakilai ta ƙasa, Bobby Rush ya kayar da shi a zaɓen fid da gwani.

A 2003 ya tsaya kan dokoki biyu har suka tabbata. Ta farko ta wajabta wa ɗan sanda, in ya tsayar da mota, ya rubuta launin fatar direban, domin baƙar fata sun daɗe suna kukan su aka fi tarewa. Ta biyu ta ce a naɗi tambayoyin da ake yi wa wanda ake zargi da kisan kai, kada a sa shi amsa laifi da ƙarfin tsiya. Da farko 'yan sanda sun ƙi, ya yi ta zama da su har suka amince.

Ku da kuke ratsa shingen bincike da kaya ko da garke, kun san abin da ba a rubuta ba, musunsa ake yi. Don haka in ɗan majalisa ya dawo neman ƙuri'a, ku tambaye shi: wace doka ka kawo, wa ta kare?