Me ya sa Musulmi masu neman jinsinsu ke gudun asibiti a Najeriya?

A watan Janairun 2014 ne Shugaba Goodluck Jonathan ya rattaba hannu kan dokar haramta auren jinsi. Dokar ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga waɗanda suka yi auren, da shekara 10 ga wanda ya kafa ƙungiyarsu ko ya mara mata baya. Ba ta hana kowa magani ba, amma tasirinta ya kai har ƙofar asibiti.

Wani bincike da aka gudanar a Abuja, wanda mujallar Lancet HIV ta wallafa a 2015, ya nuna cewa maza masu neman maza da ke tsoron zuwa asibiti sun ƙaru daga kashi 25 zuwa kashi 38 cikin ɗari bayan zartar da dokar.

Ga Musulmin Arewa, matsin ya fi haka yawa. Ban da dokar tarayya, akwai dokokin shari'a a jihohi 12, waɗanda Zamfara ta buɗe wa hanya, da samamen Hisbah, da fargabar korar dangi. Wannan taruwar wariya iri-iri a kan mutum guda ita ce malamar shari'ar Amurka Kimberlé Crenshaw ta fito da ita fili a 1989. Mai hali kan tafi asibitin kuɗi a Abuja ko Legas inda ba a san shi ba. Ɗan daudu mai sayar da abinci a tasha kuwa sai asibitin unguwa, inda mai bayar da kati na iya zama maƙwabcinsa. Macen da aka aurar ba da son ranta ba takan nemi izinin miji kafin ta ga likita.

Illar ba ta tsaya a kansu ba. Ƙidayar ƙasa ta 2018 ta nuna kashi 1.4 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 49 ke ɗauke da ƙwayar HIV, alhali binciken gwamnati na 2014 ya samu kusan kashi 23 a tsakanin maza masu neman maza. Wasunsu magidanta ne, don haka wanda ya guji gwaji yana jefa matarsa da jaririnsu cikin haɗari. Dakatar da tallafin Amurka a farkon 2025 ta ƙara rage musu hanyar samun maganin rigakafi.

Sai dai doka ba ta rufe musu ƙofa gaba ɗaya ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta kiyaye sirrin majinyaci, wata kuma ta haramta nuna wariya ga masu HIV. Kare rai na daga cikin manyan manufofin shari'ar Musulunci, wadda ta hana bin diddigin mutane, ta kuma kwaɗaitar da rufin asiri. Abin da masu fafutuka ke nema shi ne a aiwatar da waɗannan tanade-tanade: a horar da ma'aikatan lafiya, a hukunta mai tona sirri, kuma gwamnati ta ɗauki nauyin magani daga aljihunta.